Takardar Lafiyar Mu'azu Tela

Mu'azu Kadi tela ne a Zongo, nan tsakiyar Yamai. Mahaifinsa ya zo daga Maradi da keken ɗinki ɗaya tun kafin a haife shi, ya kama hayar ɗan shago a bayan masu sayar da yadi. A wannan shagon Mu'azu ya koyi yanka da ɗinki, kuma shi ya gaje shi da tsohon ya rasu. Shekararsa talatin da shida, yana da mata, Sakina, da 'ya'ya uku. Hannunsa yana da kyau. Ma'aikatan gwamnati suna kawo masa ɗinkin kwat, 'yan kasuwa suna kawo kaftani, kuma ba a taɓa jin wanda ya dawo da riga ya ce ta matse shi ko ta yi masa yawa ba.

Abu ɗaya ne a jikinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu, bayan wani zazzaɓi mai tsanani, yake fama da farfaɗiya. Kullum da safe yana haɗiyar ƙwayarsa, sai ya yi shekara bai faɗi ba. A gidansu ba a taɓa kiran ciwon da sunansa ba. Mahaifiyarsu "abin nan" take cewa har ta bar duniya, 'ya'yanta kuma suka ɗauka a bakinta.

Wata Alhamis, ana saura kwana tara Sallar layya, shagon cike da mutane, abin nan ya zo masa yana riƙe da dutsen guga na gawayi. Ya faɗi, dutsen ya kwanta a kan damtsensa na hagu. Babu wanda ya ɗauke masa. Mutane sun yarda cewa wanda miyaun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma zai kamu, saboda haka kowa ya yi waje, suka tsaya daga bakin titi suna leƙe. Da ya farfaɗo fatar ta riga ta tafi.

Kafin mako ya zagayo mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Wani ya ce tafiya ta kama shi, wani ya ce matarsa ta canza ra'ayi. A bayan idonsa kuwa sunansa ya koma "tela mai borin jaki". Ya shekara guda yana buɗe shago da safe, ya share, ya zauna, ya yi wa 'yan makaranta facin wando, ya rufe.

Ana nan sai wani Alhaji Zubairu, mai biro, wato ofis, kusa da babbar kasuwa inda yake tura ma'aikata ƙasashen Larabawa, ya aika a kira shi. Ya ce wata masana'anta da ke ɗinka wa ma'aikatan otal kayan aiki tana neman teloli ashirin, kwantiragin shekara uku, da wurin kwana da abinci.

"Abu uku ake bukata," in ji Alhaji. "Paspor, sai hira da manajansu ta bidiyo, sai takardar likita. Manajan Ba'indiye ne, Ingilishi kaɗai yake ji. Kana ji?"

"Na yi a makarantar lakwal, Alhaji, amma ya gudu."

"To ka kamo shi. Wata biyu gare ka."

Mu'azu yana da yaya, Zahra'u, wadda ke koyar da Ingilishi a wani kwaleji a Harobanda, tana zaune da mijinta a Lamorde. Ita ce ta riƙa tallabe masa kai suna yara in ya faɗi, ita ce ke kore 'yan kallo. Da ya gaya mata ba ta bari ya gama ba, ta ce ya zo gobe. Daga nan, sau uku a mako, da ya yi sallar la'asar sai ya rufe shago ya hau kabu-kabu ya ƙetare tsohuwar gadar kogi. Sukan zauna a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ita a kujerar roba da babban ƙamus ɗinta na jami'a wanda bangonsa ya rabu, shi a tabarma da kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, da alƙalamin bik.

Ta koya masa sunan allura da zare da almakashi, da yadda zai faɗi shekarun da ya yi yana aiki. A mako na uku ta ce yau akwai kalma ɗaya da in ya riƙe ta, ya riƙe rabin hirar.

"Fit," ta ce, ta rubuta masa. "Haruffa uku."

Mu'azu ya yi dariya. "Yaya, wannan ai Hausa ce. Yaro ya ga bulala ya fice fit."

"Tamu daban. Tasu ta teloli ce. In riga ta zauna wa mutum daidai, ba matsi ba yawa, sai a ce ta yi fit. Ka ce: the shirt fits."

Ya maimaita sau biyar. Kalmar ta yi masa daɗi a baki, don duk rayuwarsa abin da yake yi ke nan, bai san yana da suna gajere haka ba.

"Ba a nan ta tsaya ba," in ji ta, tana bin shafin da yatsa. "In mutum yana da ƙoshin lafiya, jikinsa da ƙarfi, shi ma fit ne. Takardar likitan da za a ba ka, wannan kalmar za a buga a kai. In mutum ya cancanci aiki, fit. In kafinta ya kafa ƙofa a gurbinta, ya yi fit ɗinta. In ka je baƙon wuri ka saje da mutanensa, shi ma haka."

"Ashe shi ya sa. Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan mota kusa da mu, in an taya kayansa da arha sai ya ce a no fit."

"Wannan tasu ce ta Najeriya, wato ba zai iya ba. Kar ka kai wa manaja ita."

Suka yi dariya tare. Yatsanta ya ci gaba da gangarawa, har ya zo ƙasan shafin inda kalmar ta sake fitowa da ƙaramar lamba biyu a gefenta. Ta karanta a zuci. Faɗuwa ta farat ɗaya, da sanƙarewa da karkarwar jiki da gushewar hankali, kamar ta mai farfaɗiya. Ta ɗaga kai ta dubi ƙanenta. Yana sunkuye yana rubuta kalmar a layi na shida, harshensa a gefen baki kamar lokacin da yake aji ɗaya, hannun rigarsa a saukake har wuyan hannu duk da zafin da ake yi. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ƙunar. Ta ɗora babban yatsanta a kan layin.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan. Sauran ba su shafi ɗinki ba."

Ta rufe littafin, ta kira 'yarta ta kawo musu fura.

Hirar ta yi kyau fiye da yadda suka zata. A biron Alhaji aka kafa wayar a jikin kwalbar ruwa, aka kawo keke, manajan ya ce ya haɗa hannun riga yana kallo. Mu'azu ya haɗa cikin 'yan mintoci, ya sa wa wani ma'aikacin biron, ya juya shi gaban wayar ya ce, "It fits." Manajan ya ɗaga babban yatsa. Cikin teloli sittin da suka zo, sunan Mu'azu ne na biyu a jerin waɗanda aka ɗauka.

Da za su rabu Alhaji ya ja shi gefe. Ya san labarin, kowa a Zongo ya sani.

"Wurin likita jini za a ɗiba, a ɗauki hoton ƙirji, a auna ido. Abin nan naka ba ya fita a jini. Ka sa riga mai dogon hannu, ka kama bakinka. Da takarda ta fito, mako biyu kuna jirgi."

Maganar ta tsaya wa Mu'azu a rai. Da ya koma gida ya ce wa Sakina shi bai saba ƙarya ba.

"Ba ƙarya aka ce ka yi ba, Baban Anisa," ta ce tana tankaɗe gari. "Shiru aka ce ka yi. Wata nawa rabonka da faɗuwa?"

"Goma sha huɗu."

"To wa ya fi ka lafiya a layin nan?"

Mai shagon ya daɗe yana son ya ba wani ɗan'uwansa wurin ya sayar da wayoyi. Da ya ji Mu'azu zai tafi sai ya zo da fara'a ya ce tunda haka ne a sallame shi da wuri. Mu'azu ya ga ba amfanin riƙe shagon da ba kowa ke shiga ba. Ya sayar da keken lantarki da teburin yanka don a gama maganar paspor, ya kai tsohon keken mahaifinsa gida, ya miƙa makulli. Ya cire allon da ke bisa ƙofa da hannunsa.

Ranar Talata da sassafe suka taru a wani asibitin kuɗi da masana'antar ta zaɓa, su kusan talatin a kan benci, har da waɗanda za a kai wasu ayyukan. Wata ma'aikaciya ta raba musu takarda mai shafi biyu da aka aiko daga can, duk da Ingilishi. Jerin cututtuka ne, kowane da akwati biyu a gabansa. Ta ce da Faransanci duk wanda ba shi da ciwo ya sa alama a akwatin a'a tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu. Ta wuce ciki.

Mu'azu ya fara sa alama. Kalmomin dogaye ne, bai san ko ɗaya ba. A'a, a'a, a'a. A layi na goma sha ɗaya bik ɗinsa ya tsaya. Ga ta nan, gajeriya, tsakanin manyan kalmomi: Fits. Sai ya ji kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tashar baƙin wuri. Ya yi tunani, ya ce a ransa wannan tarko ne. Sun sa ta a tsakiya don su kama wanda ke cika takarda ido rufe. Ana tambayarka ko kana da ƙoshin lafiya, kai kuma ka ce a'a da hannunka. Ya saci kallon takardar na kusa da shi, wani tela daga Tahoua mai suna Hamisu, ya ga ya riga ya zuba a'a har ƙasa. Ya ji tausayinsa. Ya sa alamarsa a akwatin e, ya danna bik ɗin sosai don ta fito.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Wajen azahar aka kira shi ɗakin likita. Mace ce, Dokta Safiatou, Bazabarma, Hausarta irin ta kasuwa. Tana duba takardun da sauri, tana juyawa, sai ta dawo baya.

"Malam Mu'azu, nan ka sa e."

"E, dokta. Lafiyata lau. Fit." Ya yi murmushi.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ka san me ake tambaya a nan?"

"Ko ina da lafiya."

"A'a. Wannan ciwon faɗuwa ne. Farfaɗiya. Ana tambaya ko kana faɗuwa."

Mu'azu ya sake duban takardar. Ya ce kuskure ne, shi wata ma'ana aka koya masa. Ta gyaɗa kai, ta ce yana faruwa, ta ɗauki bik kamar za ta gyara. Sai ta ajiye.

"Naɗe hannun riga in auna jini. A'a, na hagu."

Ya naɗe. Tabon ya fito, mai siffar dutsen guga, har da tsininsa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ya buɗe baki ya fito da harshe, ta haska da 'yar fitila, ta ga tsofaffin cizo a gefe biyu. Ta kashe fitilar ta koma kujerarta.

"Ina tambayarka tsakaninka da Allah."

Mu'azu ya dubi tayil ɗin ƙasa. Duk maganar Alhaji da ta Sakina suna kansa, amma shirun da aka ce ya yi ba irin wannan ba ne.

"Wata goma sha huɗu ban faɗi ba, dokta. Ina shan magani, ban taɓa tsallake rana ba. Ki tambayi kowa aikina. Ina da 'ya'ya uku."

"Na yarda da kai," ta ce, muryarta ta sauka. "Ciwon ba ya hana ɗinki, ni na sani. Amma dokarsu ce, ba tawa ba. Da ka sa a'a, wallahi da ban duba ba, mutum talatin ke jirana. Yanzu na gani, kuma hannuna ne zai hau takardar."

Ya roƙe ta. Bai taɓa roƙon mace haka ba, har ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ta ce ya tashi don Allah. Ta rubuta masa sunan wani sabon magani a wata 'yar takarda, ta ce ya fi wanda yake sha. Sannan ta buga hatimi a kan babbar takardar. Kalmarsa ce, amma da haruffa biyu a gabanta: UNFIT.

Da ya koma biro, Alhaji Zubairu bai ko ba shi wurin zama ba.

"Na ce ka kama bakinka, sai ka je ka rubuta musu da hannunka? Yanzu sunanka da lambar paspor ɗinka sun shiga na'urarsu. Ko wane biro ka je, ko wace ƙasa a cikinsu, da an danna zai fito."

"Ba a gogewa?"

"Wa zai goge? Ni?"

Daga nan bai nufi gida ba. Ya taka da ƙafa har gada, ya ƙetare cikin rana, ya isa Lamorde Zahra'u ta dawo daga aji ke nan ko mayafi ba ta cire ba. Ya miƙa mata takardar. Ta karanta, ta zauna a bakin baranda.

"Yaya, ɗauko littafin nan."

"Mu'azu..."

"Ɗauko shi."

Ta ɗauko. Ya ce ta buɗe wurin. Ta buɗe, ya tsuguna kusa da ita, ya bi shafin da yatsa duk da ba ya iya karantawa, har ƙasa inda ƙaramar lamba biyu take.

"Wannan fa? Me ya ce?"

Ta fassara masa kalma bayan kalma. Wannan ne karo na farko da sunan ciwon ya fito daga bakinta a gabansa.

"Ranar kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Kika ce shi ke nan."

"Kana dariya ranar," ta ce, hawaye na zuba. "Na ce me zai kai wannan cikin hirar ɗinki? Ban san za su sa a takarda ba. Wallahi ban kawo ba."

Ya ɗauke yatsansa daga shafin. Wata akuya ta shigo tsakar gidan ta fara cin ganyen da ya zubo, babu wanda ya kore ta.

"Da kin gaya mini," ya ce a hankali, "da na yi ƙaryata daidai."

Ta ce za ta je wurin likitar, za ta rubuta wa masana'antar wasiƙa da Ingilishi mai kyau, mijinta ya san wani a ma'aikatar lafiya. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Ba ke kika sa mini ciwon ba, Yaya. Bar shi."

Ta rubuta wasiƙar duk da haka, har sau uku. Ba a amsa ko ɗaya ba. Wanda mijinta ya sani ya ce abin ba a hannun Nijar yake ba.

Sauran suka tashi ranar da aka sa. Mu'azu ya zagaya shagunan telolin da suka san hannunsa yana neman a ba shi kujera ɗaya. A Zongo aka ce wuri ya cika. A wani babban shago can wajen sabuwar kasuwa maigidan ya gaya masa gaskiya, ya ce shi ba ya ƙi, amma iyayen masu koyon aiki za su kwashe 'ya'yansu. Labarin takardar ya riga shi isa ko'ina, kuma yanzu ba jita-jita ba ce, likita ta buga hatimi. Ya kafa keken mahaifinsa a zauren gidan haya, makwabta suka kai ƙara wurin mai gida cewa yaransu na wucewa ta nan. Sai ya cire kan keken daga ƙafafunsa, ya sa masa mariƙin juyawa da hannu, ya naɗa tsumma a kafaɗa, ya shiga yawon faci a unguwannin da ba a san fuskarsa ba.

Da aka yi hutun makaranta Sakina ta tafi Maradi da yaran, wai su ga kakanninsu na wajen uwa. Aka koma makaranta ba su dawo ba. Ta ce a waya an sa Anisa a lakwal ɗin can, kafin abubuwa su daidaita. Bai yi musu ba. Sabon maganin da likitar ta rubuta ya je farmasi biyu ya tambaya, ya ji abin da ake sayar da shi, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai sake ƙetare gada ba. In Zahra'u ta kira yana ɗauka, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara, ya ce yana tsakiyar aiki.

Wata ranar Asabar ta zo Zongo da kanta, ta same shi a ƙofar gida yana shirin fita. Ta rame, shi ma ya rame. Ta ce Hamisu, telan nan na Tahoua, ya turo wa matarsa bidiyo daga can, matar kuma ƙawar makwabciyarta ce, har ya iso wayarta. Ta yi ta tunanin ko ta nuna masa ko kar ta nuna, daga baya ta ga ta gaji da zaɓar masa abin da zai gani.

Ya karɓi wayar. Wani dogon ɗaki ne fari mai fitilu, kekuna a jere har inda ido ya tsaya. Hamisu ya yi ƙiba, yana dariya, yana ɗaga wata farar riga ta masu kai abinci yana nuna wa kyamara. Mu'azu ya kalla har ƙarshe, ya sake kunnawa, ya tsayar a inda rigar ta fito sosai, ya matso da ita kusa da ido.

"Aljihun ya karkace," ya ce.

Ya miƙa mata wayar. Ya ce ta gaida mai gidan, ya durƙusa ya ɗora kan keken a kafaɗa, ya miƙe da ƙyar. Zahra'u ta ce ko zai tsaya su ci abinci, ta zo da dambu. Ya ce rana na yi, in bai kai Talladje kafin azahar ba matan can sun shiga barci. Ya bi ta gefen kwata ya nufi babban titi, yana kaɗa almakashi don a ji tela na wucewa.